Yaushe ne ciki yake zama mutum?

Na gode da kuka ba ni wannan dama a zamanmu na yau a Dakoro. Zan fara da labarin gidanmu, don daga can tambayar ta samo ni.

Shekarun baya yayata ta yi ɓari tana da cikin wata uku. A kan amalanke aka kawo ta daga ƙauye, jini na zuba. Allah ya sa ta rayu. Da aka zo gaisuwa, wata gwaggonmu ta ce mata: "Ke daina kuka, ai gudan jini ne, ba mutum ba." Yayata ba ta tanka ba, amma har yau tana lissafin shekarun da yaron zai kai da ya rayu. Tun ranar nake tambaya: wa ke da gaskiya tsakaninsu?

Bincike ya kai ni har ga mabiya addinin Buda, can Asiya. Kada ku ce na yi nisa, ku saurara. A tsofaffin littattafansu na harshen Pali, abu uku ne ke haɗuwa ciki ya shiga: saduwar uwa da uba, mace tana lokacin ɗaukar ciki, da zuwan wata halitta mai neman haihuwa da suke kira gandhabba. A wurinsu ke nan rayuwar mutum tana farawa tun daren farko. Shi ya sa a dokokinsu na Binaya, malamin zuhudu da ya sa hannu a zubar da ciki ana korarsa har abada, daidai da wanda ya yi kisan kai.

To amma ku duba Tailan, ƙasar da mafi yawan mutanenta mabiya Buda ne. Wannan aƙida ba ta hana mata zuwa wurin masu zubarwa a ɓoye ba. A 2020 kotun tsarin mulkinsu ta ce tsohuwar dokar ta saɓa wa haƙƙin mace, a 2021 aka halatta zubarwa har mako 12. A Japan kuma akwai bikin da suke kira mizuko kuyo: iyayen da suka rasa ciki suna zuwa ɗakin ibada, su ajiye ɗan gunkin Jizo, su yi juyayi a fili. Ba ibadarmu ba ce, kuma ba cewa nake mu kwaikwaya ba. Abin da na lura da shi kawai, sun ba uwa wurin yin kuka.

Mu fa? Hadisin Ibn Mas'ud ya kawo matakai uku na kwana 40, daga nan a busa rai, wato kwana 120. Wasu malaman Hanafiyya sun yi sassauci kafin wannan lokaci idan akwai uzuri. Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi tsanani: ra'ayin da ya shahara shi ne da zarar ciki ya zauna a mahaifa, ba a taɓa shi, ko kafin kwana 40. Amma a wannan mazhabar ba a yi wa ɗan ɓari sallar jana'iza sai in ya yi kuka bayan fitowa. Kun ga gwaggo ta riƙe gefe ɗaya, yayata ta riƙe ɗayan.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A 2006 majalisar dokoki a Yamai ta ƙi amincewa da Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. A shekarar kuma aka yi doka mai lamba 2006-16 kan lafiyar haihuwa, wadda ta yarda a cire ciki idan rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko an gano jaririn na da mummunar cuta. In ba haka ba, laifi ne mai kai mutum kaso. Mu nawa a nan muka san wannan?

Ga inda na tsaya. Idan mun yarda ciki yana da alfarma tun ranar farko, to alfarmar nan a jikin mace take zaune. Ba ya yiwuwa mu ce ɗan tayi amana ne, sannan mu bar mai ɗauke da shi tana daka da jan ruwa a rijiya mai zurfi har ranar naƙuda. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, amma akwai matan da izinin miji kawai suke jira. Daga nan zuwa Maradi ya fi kilomita 100, jini kuwa ba ya jiran mota.

Abu uku nake roƙo. Mai mata ya raka ta awo da ƙafarsa. Mai lafiya ya je asibiti ya ba da jini kafin a nema. Sannan duk wadda ta yi ɓari a unguwarku, ku je ku gaishe ta kamar yadda ake gaishe da wanda ya yi rashi, kada a ce mata ta daina kuka.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.