Gurbi na Farko a Fom ɗin JAMB: Jawabi ga Iyayen Masu Neman Karatun Kwamfuta



An ɗora mana nauyin yin magana a kan abin da ke gaban da yawa daga cikinmu a bana, wato makarantar da yaro ko yarinya mai son karanta kimiyyar kwamfuta zai rubuta a fom ɗin JAMB. Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Mu ne malaman da ɗalibai ke tsayarwa a bakin aji su yi wa tambaya, mu ne kuma iyayen da za su ciro kuɗin fom daga albashin da kowa a nan ya san girmansa. Idan zaɓi ya karkace, shekara guda ta rayuwar yaro ta tafi, kuɗin fom da na darasin yamma da na mota sun tafi. Abin da ya fi ciwo shi ne karayar zuciya. Yaron da ya ci maki 230 ya zauna a gida yana kallon abokinsa mai 190 ya ɗauki jaka ya tafi makaranta, da wuya ya sake zama jarrabawa da ƙarfin gwiwar da ya yi ta farko.

Yaya mai 230 zai zauna mai 190 ya tafi? Amsar tana cikin fom ɗin. Gurabe huɗu ne ake cikewa, amma manyan jami'o'in da kowa ke rububi, yawancinsu ba sa ko duban wanda ya sa su a zaɓi na biyu, domin waɗanda suka sa su a na farko ma sun ninka kujerun da ke akwai. Ke nan gurbi na farko shi ne kusan komai. To, wa ke cike shi? Sau da yawa yaro ne shi kaɗai a cibiyar rajista, ga layi a bayansa, ga ma'aikaci yana cewa ya yi sauri, sai ya ambaci sunan da ya saba ji a gida: Zariya ko Bayero. Ba laifin waɗannan makarantu ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take horar da mutane, da yawa daga cikinmu can muka samu abin da muke ci da shi, haka ma Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo. Sai dai suna ba ya ƙara kujera a ɗakin karatu, kuma kimiyyar kwamfuta ta shiga sahun kwasa-kwasan da ake turereniya a kansu.

A nan ya kamata mu fahimci lambobi biyu da ake yawan haɗa su. Akwai mafi ƙarancin makin da ake tsaidawa a taron shekara-shekara na JAMB da shugabannin makarantu: 140 ne ga jami'o'i a 2024, ya koma 150 a 2025. Wannan ƙasan rijiya ne kawai, ma'anarsa kada jami'a ta ɗauki wanda bai kai shi ba. Sannan akwai makin da sashen kwamfuta na wata jami'a ya tsaya a kansa a zahiri, bayan an haɗa makin JAMB da na jarrabawar tantancewa ko sakamakon sakandare, gwargwadon tsarin kowace jami'a. Tsakanin lambobin nan biyu akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazara ne 'ya'yanmu ke faɗawa. Uba ya ji a rediyo an ce 150, ɗansa yana da 200, sai ya kwanta da tabbacin an gama. Jarrabawar a kan maki 400 take, kuma a 2024 kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai 200 ba. Saboda haka 200 ba abin rainawa ba ne, amma a sashen da masu 250 suka yi cincirindo, ba ta buɗe ƙofa.

Akwai kuma tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya, wanda ya kamata kowane malami ya haddace: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohi 23 da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda suka haɗa da Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kebbi. Ɗan Kano ko Jigawa da ya nemi Bayero yana da ƙofa fiye da ɗaya. Idan ya nemi jami'ar da jiharsa ba ta cikin yankinta, ƙofar kashi 35 ta rufe masa tun kafin a fara. A jami'ar jiha kuwa, ɗan jihar ne a gaba. Wannan ba sirri ba ne, yana rubuce, amma ɗalibai nawa ne a ajinmu na ƙarshe suka taɓa jin wani ya bayyana musu shi?

Abin da muke so a ɗauka daga nan a yau shi ne cewa zaɓin da aka rubuta ranar rajista an rubuta shi ne kafin a san maki. Bayan sakamako ya fito, JAMB tana ba da damar sauya makaranta ko kwas da ɗan kuɗi kaɗan a cibiyoyin da ta amince da su, muddin makarantar da za a koma ba ta rufe tantancewarta ba. Wannan 'yar taga ita ce mafi yawan gidaje ke bari ta wuce. Ranar da sakamako ya fito a zauna da yaro, a ajiye buri gefe guda na ɗan lokaci, a dubi lambar da ke hannu. Idan ta kai ta yi gogayya a babbar jami'a, a bar zaɓin yadda yake. Idan ba ta kai ba, Arewa a yau ba ta rasa jami'o'i ba. Gwamnatin tarayya ta buɗe na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, ta ƙara na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013. Akwai na jihohi, irin su Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Jihar Kaduna. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da ta Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ga mai son karkata ga fasaha. A binciki kowace a ga inda makinta ya tsaya bara, ta bakin ɗaliban da suka shiga, domin tsoffin ɗalibanmu suna warwatse a dukkansu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin a kai ga wannan ma, akwai tarkon darussa. Mai neman kimiyyar kwamfuta yana zama Turanci da Lissafi da Fiziks, sai darasi na huɗu da jami'o'i suka sha bamban a kansa. Kemistiri ne ya fi samun karɓuwa. A sakamakon WAEC ko NECO ana neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Littafin jagora na JAMB ya jera sharaɗin kowace jami'a, kuma minti goma na dubawa ya isa. Yaron da ya zauna darussan da ba su dace ba, ko ya ci 300, ba za a ɗauke shi a wannan kwas ba.

Mu malamai ya kamata mu faɗa wa iyaye wata gaskiya da ba su cika son ji ba. Iya sarrafa waya daban, kimiyyar kwamfuta daban. Yaron da ke gyara wa kowa WhatsApp a unguwa, ana yi masa kirari da injiniya, zai tarar a aji ɗaya da Lissafi da Fiziks suna jiransa, daga baya ga lissafin dabaru da tsara matakan warware matsala da rubuta manhaja, inda waƙafi guda da aka manta zai hana shi barci. Malamin Lissafinsa na sakandare ya fi kowa sanin ko zai iya. A tambaye shi kafin a sayi fom, shi kuma ya faɗi tsakaninsa da Allah, ko da ɗan shugaban makaranta ne.

Sunayen kwasa-kwasan ma sun yawaita. A sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa kamar kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar bayanai, da fasahar sadarwa. A shekarar farko darussansu kusan ɗaya ne. Wani lokaci reshe guda ya cika maƙil, maƙwabcinsa a tsangaya ɗaya yana da sarari. A ra'ayinmu, yaron da bai tantance abin da yake so ba, gara ya riƙe uwar, wato kimiyyar kwamfuta, domin daga gare ta ana iya juyawa ko'ina. Amma idan reshe ne ya buɗe masa ƙofa, ya shiga, ba a baya yake ba. Injiniyancin kwamfuta kuwa wata hanya ce dabam, a tsangayar injiniya take, shekara biyar ce, kuma ta fi karkata ga lantarki da ƙirar na'ura. Ita kimiyyar kwamfuta shekara huɗu ce a yawancin jami'o'i, biyar a jami'o'in fasaha irin ta Minna. Mai biyan kuɗin makaranta ya sa wannan shekara guda a lissafinsa.

Sai batun amincewar hukuma. NUC kwas take tantancewa ɗaya bayan ɗaya, don haka jami'a tana iya zama halastacciya alhali wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. A duba wannan, musamman a sababbin jami'o'i masu zaman kansu. Game da masu zuwa da tallan digiri na gaggawa a ƙetare, mu tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin makonni shida, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a farkon 2024. Waɗanda suka yi karatu na gaskiya a can ma sai da ƙurar ta shafe su.

Idan an rage zaɓi ya koma makaranta biyu ko uku, zuwa da kai ya fi aike. A shiga mota a je sashen. Kada a tsaya a ofishin shugaba, a nemi ɗan aji uku a ƙarƙashin bishiya a tambaye shi: sau nawa ya shiga ɗakin kwamfutoci a zangon da ya wuce, mutum nawa ke zama a kan na'ura ɗaya, akwai wuta, ko a takarda ake rubuta manhaja a miƙa wa malami ya yi maki da jan biro? A tambaye shi inda 'yan ajinsu suka yi horon sanin makamar aiki na watanni shida, domin a wannan fanni wurin da ɗalibi ya yi horo yakan zama wurin da ya fara cin abinci. Jami'ar da ke cikin babban gari ko kusa da shi tana da fifiko a nan, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da mai zaɓar ƙaramar jami'a zai rama da ƙoƙarin kansa a lokacin hutu. Ga 'ya'ya mata, a ga ɗakin kwana da ido, a san nisansa da sashen, a san yanayin hanyar da za su riƙa bi zuwa gida. Yarinya da yawa ta samu gurbi ta ajiye shi a zango na biyu saboda ba a yi wannan tambaya da wuri ba.

A cikin kasafi a sa kwamfutar tafi-da-gidanka tun daga farko, ko da ta hannu ce. Ɗalibin kwamfuta marar kwamfuta kamar ɗan koyon ɗinki ne marar keke. Ga masu neman rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati ne ke samu, ban da na masu zaman kansu. Batun yajin aiki kuwa, mu 'yan ƙungiya ba za mu tsaya a nan mu soki 'yan'uwanmu na jami'a ba, mun san abin da ke kai ma'aikaci ga ajiye aiki. Amma uba yana da haƙƙin ya san cewa a 2022 an rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma digirin shekara huɗu yana iya cin biyar.

Wanda makinsa bai kai jami'a ba a bana, kada a ce ya zauna. Difloma ta kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, shekara biyu ce, kuma mai kyakkyawan sakamako yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Haka mai NCE, haka wanda ya bi ta IJMB. Mun san ƙorafin bambancin da ake nunawa tsakanin babbar difloma da digiri a aikin gwamnati, kuma ƙorafi ne mai tushe. Duk da haka, masu ɗaukar marubuta manhaja sukan fara da cewa a nuna musu abin da aka gina, kuma ɗan kwalejin da ya shekara biyu hannunsa a kan na'ura yana da abin nunawa. Ita NCE, muna da son kai a cikinta, ba za mu ɓoye ba: makarantunmu suna neman malaman kwamfuta ido rufe.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma ya sha hana yara shiga makaranta. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Sai yaro ya shiga da kansa ya karɓi gurbin, kuma duk wanda aka ba shi ta bayan fage zai gamu da matsala ranar tafiya bautar ƙasa. Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na yaron ne ko na gida, a adana shi, kada ya zama na mai shagon intanet. Sunan da ke kan lambar NIN ya dace da wanda ke kan takardar WAEC harafi da harafi, a gyara tun yanzu idan akwai saɓani.

Muna roƙon kowace makaranta da ke ƙarƙashin wannan reshe ta ware zama biyu da 'yan ajin ƙarshe da iyayensu: ɗaya kafin a buɗe rajista, ɗaya a makon da sakamako ya fito, malamin Lissafi da na Fiziks suna wurin, da littafin jagora a buɗe a kan tebur.