Ciwon Makyarkyata: Maza da Mata Ba Ɗaya Ba Ne



Da yawanmu mun kai lokacin da ɗawainiyar iyaye ta dawo wuyanmu. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan ciwon makyarkyata, wanda ake kira Fakinsan, da sunan likitan Landan da ya bayyana shi a 1817. Shi aka gano a jikin ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a 2019 sun haura miliyan 8.5.

Asalinsa mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin. Sai hannu ya riƙa rawa, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa.

Ciwon ba ya yi wa maza da mata kamu ɗaya. In ya kama mata biyu, ya kama maza wajen uku. Kuma maza ne suka fi saurin samun raunin tunani: mantuwa, rashin natsuwa, da kasa tsara aikin da suka saba. Mata kuwa yakan zo musu a makare, amma da yake ba su kai maza nauyi ba, maganin lebodofa yakan yi musu yawa a jini, sai gaɓoɓi su riƙa murɗewa ba da sonsu ba.

Ga kuma rama. Rawar jiki tana cin ƙarfi, hanci ya daina jin ƙamshin girki, haɗiya ta yi wuya. Likitoci sun lura cewa waɗanda suka rame tun farkon ciwon, tunaninsu ya fi saurin lalacewa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu ce tsufa ne ko sammu. Mu kai su asibiti. Mu ɗora Baba ko Inna a sikeli kowane wata, mu rubuta, mu nuna wa likita. In Inna ta rame, a tambaye shi ko adadin maganinta na bukatar gyara. In Baba ya fara ɓata lissafi, a faɗa da wuri. A ba da maganin kamar rabin awa kafin abinci, domin nama da wake sukan rage shigarsa jini.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma kulawa tana sauƙaƙa shi ƙwarai. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon riƙe su.