AMSAR WASIƘUNKU: Shin James Bond Mutum Ne Na Gaske?

Wasiƙar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sana'ar hatsi a ƙasar Bichi, wanda yake shigowa birni cin kasuwa. Ya ce gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da ɗansa. Yaron ya zo yana neman kuɗi wai za a tura masa sabon fim ɗin James Bond a waya, har ma yana cewa shi idan ya girma aikin leƙen asiri zai yi, karatu ɓata lokaci ne. Alhaji yana tambaya: shin wannan Bond ɗin mutum ne na gaske? An ce ya mutu, to yaya aka yi zai dawo? Kuma haka aikin leƙen asiri yake?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka, Allah ya bar zumunci. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai, ba a taɓa yin wani ɗan leƙen asiri mai wannan labari ba. Wani marubuci ne ɗan Ingila mai suna Ian Fleming ya ƙago shi. Shi Fleming ya yi aiki a sashen tattara bayanan sirri na sojan ruwan Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin Hitila. Bayan an gama yaƙi sai ya koma rubuta littattafan ƙagaggun labarai, na farkonsu Casino Royale ya fito a 1953. Sunan ma aro ya yi daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye, don yana son suna wanda ba shi da wani armashi. Lambar nan 007 kuwa, a cikin labarin tana nufin an ba shi iznin kisa a bakin aiki. Fleming ya rasu a 1964, shekara 2 bayan fitowar fim na farko, Dr. No, a 1962.

Daga 1962 zuwa 2021 kamfanin Eon ya yi fina-finan Bond guda 25, kuma mutum 6 ne suka fito a matsayinsa: Sean Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan da Daniel Craig. Ka ga ke nan wanda ka gani a kaset ɗin bidiyo kana saurayi daban yake da wanda ɗanka yake gani a waya, suna ne kawai ya haɗa su.

Maganar mutuwa kuwa, gaskiya ne. A fim ɗin No Time to Die na 2021, wanda shi ne na 5 kuma na ƙarshe da Daniel Craig ya yi, an nuna makamai masu linzami sun faɗa wa tsibirin da Bond yake, ya mutu. Amma Alhaji, ka tuna Gizo. A tatsuniyar daren yau a kama shi a yi masa dukan kawo wuƙa, gobe da daddare a ce ga ta nan ga ta nanku, sai ga shi garau yana yaudarar Ƙoƙi. Ba wanda ya taɓa tambayar kakarsa yaya aka yi Gizo ya warke. Haka masu fim za su yi: su samo sabon ɗan wasa, su ɗora masa sunan, su soma labari daga wani wuri.

Abin da ya sa ba za su bar shi ya kwanta ba, kuɗi ne. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a rufe rumfar da take ciniki. A 2022 kamfanin Amazon na Amurka ya saye kamfanin fina-finai na MGM a kan kuɗi kusan dala biliyan 8 da rabi, kuma Bond yana cikin manyan kadarorin da suka ja hankalinsa. A watan Fabrairu 2025 Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, waɗanda gidansu ne ya riƙe fina-finan tun farko, suka miƙa wa Amazon ikon yanke shawara a kan yadda za a ci gaba. A watan Yuni na shekarar aka sanar da cewa Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada ne zai ba da umarni a fim na 26, daga baya aka ce Steven Knight zai rubuta labarin. Waɗannan sanarwoyi na 2025 ba su zo da sunan wanda zai gaji Craig ba.

Saboda haka ka ja kunnen yaro. Irin wannan fim yakan ɗauki shekaru. Na Craig sun fito ne a 2006, 2008, 2012, 2015 da 2021. A tsakanin haka akwai masu yanko guntayen tsofaffin fina-finai su haɗa a kwamfuta, su liƙa fuskar wani ɗan wasa, su watsa a intanet da sunan sabon Bond. Idan mai tura fim ya ce yana da shi, a duba rubutun farko: in babu sunan Villeneuve da na Amazon MGM, to ba shi ba ne, tsohon tuwo ne aka ɗumama. Kuɗin da za a ba shi gara a sayi littafin rubutu.

Sai tambaya ta uku, wadda ita ce mai nauyi. Hukumar da ake cewa Bond yana yi wa aiki, MI6, tana nan da gaske. An kafa ta a 1909, amma sai a 1994 aka yi dokar da ta bayyana ta a fili. A 2025 aka naɗa mace ta farko shugabarta, Blaise Metreweli. Sai dai aikinsu ya yi nisa da abin da ake nunawa na gudu da mota da dirowa daga jirgin sama. Yawancinsa sauraro ne, da karatun takardu, da koyon harsuna, da neman wanda zai kawo labari a ɓoye. Ɗan leƙen asirin da yake shiga otal yana faɗa wa kowa sunansa kamar Bond, ai ko kwana ɗaya ba zai yi a bakin aiki ba.

Mu a nan Kano ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin Turawa su iso bakin ganuwa a farkon Fabrairu 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato, sun daɗe suna tara labarin birnin ta bakin fatake da jakadu. Rahotannin da Adamu Jakada ya riƙa kai musu tsakanin 1899 da 1901 suna nan a rubuce, masana tarihi sun buga su. Aikin nan da kunne da ƙafa aka yi shi, a cikin ayari da zaurukan fatoma.

Manya kuma za su tuna abin da ya faru ranar 5 ga Yuli 1984. An sace Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan. Aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da likitan da zai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin sama na Stansted don a ɗauko shi zuwa Legas. Me ya ɓata shirin? Sakatariyarsa ta hango ta taga ta kira 'yan sanda, sannan akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar da za ta hana a buɗe kayan ofishin jakadanci, sai jami'an kwastan suka buɗe. Mutum 4 aka ɗaure, 3 'yan Isra'ila da ɗan Nijeriya 1, kowanne shekara 10 zuwa 14. Gwamnatocin ƙasashen biyu ba su amsa cewa da hannunsu ba. Ka ji yadda abin yake ƙarewa a zahiri: takarda ɗaya ta gaza, mutum ya tsufa a kurkuku, waɗanda suka aike shi su ce ba su san shi ba.

Gardamar uba da ɗa a kan kallo ma ta girme mu. Lokacin da aka buɗe silimar Palace a Jakara a 1952, wadda ita ce ta farko a cikin birni, malamai da iyaye da yawa sun nuna rashin yarda, balle ga shi shekara guda kafin nan gobarar silimar El Duniya ta ci rayuka fiye da 300. A wancan zamani uba yana iya tsare ƙofar gida ya hana yaro fita. Yau silimar tana cikin aljihun yaron, don haka hani kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da bayani.

Shawararmu, Alhaji, ka zaunar da shi cikin lalama. Ka gaya masa akta da bos ɗin da yake gani suna kashe juna, da an tashi daga aiki tare suke cin abinci, kowa ya karɓi ladansa. In kuma da gaske yake son aikin tsaro, madalla, ƙasarmu tana da hukumomin DSS da NIA waɗanda aka kafa a 1986, kuma takardar makaranta suke fara tambaya. Ya riƙe karatunsa, ya koyi Turanci da Larabci, in da hali har da Faransanci. Sannan ka riƙa zuwa da shi kasuwa ran da babu makaranta, ya ga yadda kake jin farashin gero a Dawanau ba tare da ka nuna wa dillali abin da ke ranka ba. Wanda ya iya wannan ya soma koyon riƙe sirri.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya ci gaba da aiko mana, a rubuta da kyau yadda za a iya karantawa, a kuma sa sunan gari. Allah ya ba manoma damina mai albarka, 'yan kasuwa ya ba su ciniki na halal, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.