Mutum da Na'ura a Lokacin Gaggawa: Darasi daga Birnin Landan



Wataƙila wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen na'ura mai ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa shi ne, ma'amalar mutum da kwamfuta wani nau'i ne na zance: mutum ya faɗa, na'ura ta amsa, kuma kamar kowane zance, akan fahimci juna, akan kuma saɓa. Fannin da ke nazarin wannan ma'amala ya tsaya da ƙafafunsa ne wajen shekarar 1983, lokacin da Card da Moran da Newell suka wallafa littafinsu a Amurka. A yau zan taƙaita ne a kan wurin da saɓani ke iya cin rai, wato ɗakin karɓar kiran gaggawa.

Kafin 1992, aikin motocin ɗaukar marasa lafiya na birnin Landan da takarda ake yin sa. In aka buga waya, sai mai karɓar kira ya rubuta wurin da abin ya faru, takardar ta isa hannun wani ma'aikaci wanda ya san yankin, shi kuma ya zaɓi motar da za a tura. Hukumar ta ga aikin yana da nawa, ta sa aka ƙera mata tsarin kwamfuta wanda zai riƙa sanin inda kowace mota take, ya kuma zaɓi mafi kusa da kansa. Ran 26 ga Oktoba 1992 aka ɗora masa aikin birnin baki ɗaya.

Tun a ranar al'amari ya dagule. Tsarin ya dogara ne ga ma'aikatan cikin mota su riƙa danna maɓalli suna sanar da halin da suke ciki. Amma wanda ke tallafe da majinyaci yakan manta, ko ya danna wanda ba shi ba, wani lokaci kuma saƙon rediyo ba ya isa. Sai na'ura ta shiga tura motoci bisa labarin da ba daidai ba. Saƙonnin gargaɗi suka yi ta taruwa har na farko suka ɓace daga fuskar na'ura ba a karanta su ba. Mutanen da suka gaji da jira suka yi ta sake bugowa, kira ya ninka, wasu suka yi awoyi ba su ga mota ba. Shugaban hukumar, John Wilby, ya ajiye aiki, kuma ran 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya cak, aka koma ga takarda. Rahoton binciken da ya fito a Fabrairun 1993 ya nuna cewa ba a gwada tsarin da cikakken nauyin aiki ba, horon ma'aikata bai wadatar ba, kuma ba a tafi da su yadda ya kamata ba wajen tsara shi.

To, ta yaya mai bincike zai gano irin wannan tun kafin ta auku? Hanyoyi uku zan ambata.

Ta farko ita ce tambaya, ko da baki ko a rubuce. Tana da sauƙi da araha, sai dai ƙwararre ba ya iya faɗin duk abin da ya sani, domin da yawa daga cikin gwanintarsa ta zame masa jiki. Tambayi mai tuwo yadda take gane ya nuna, ka ji yadda amsar za ta gaza aikin hannunta.

Ta biyu ita ce a zaunar da mutum gaban na'ura, a ba shi aiki, a ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi. Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana wannan dabara a 1982, kuma tana tona inda kalma ko alama ke rikita mutum. Amma mai karɓar kiran gaggawa bakinsa yana ga mai kira, ba zai iya zance biyu a lokaci guda ba. Saboda haka akan shirya atisaye mai kama da gaske, a ɗauki hotonsa, daga baya a nuna masa yana bayani.

Ta uku ita ce mai bincike ya je wurin aikin ya daɗe yana kallo, domin gani ya kori ji. Christian Heath da Paul Luff sun yi haka a ɗakin kula da jiragen ƙarƙashin ƙasa na layin Bakerloo a Landan, suka wallafa sakamakon a 1992. Sun lura cewa mai kula da jirage yakan yi maganarsa ta yadda na kusa da shi zai ji, shi kuma wannan, ba tare da an umarce shi ba, sai ya sanar da fasinjoji. Babu littafin aiki da ya rubuta haka, alhali kuwa da shi ɗakin ke tafiya. Duk wanda ya raba waɗannan mutane biyu, ya ba kowa na'urarsa, ya yanke wata igiya da bai san da ita ba. Kwatankwacin haka ya faru a ɗakin motocin asibitin, inda aka sauya wa ma'aikata wuraren zama tare da shigowar sabon tsari.

Jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an shiga ɗakin ana ruwa ake ganin yoyon. Ga mu kuma masu nazarin harshe akwai aiki a nan. A Nijeriya an ware lamba 112 domin kiran gaggawa. Mutumin da ya firgita da harshen uwa yake magana, kuma da kwatance yake faɗin wuri: bayan masallacin Juma'a, kusa da tsohuwar tasha. In fuskar na'ura ba ta karɓar komai sai lambar gida da sunan titi, mai karɓar kira zai ɓata lokaci yana fassara, majinyaci yana kwance. Ya kamata ɗalibanmu su nemi izini su zauna a irin waɗannan ɗakuna, su saurari yadda Bahaushe ke neman agaji, su rubuta abin da suka ji, su miƙa wa masu ƙera na'ura tun ba a gama ƙira ba.