Kuɗin kiwo a filayen gwamnati: jawabin ranar bikin ƙungiya



Iyayen ƙungiya, sarakunan shanu, fatake da dillalai, 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Nijar da na nan gida Najeriya, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa mana wannan tafiya, Ya ƙara mana haɗin kai.

Maganar da muka zaɓa a bana ita ce kuɗin da ake karɓa a hannun makiyayi don dabbarsa ta ci ciyawa a filin gwamnati. Wani zai ce mu ba makiyaya ba ne. To amma duk san da muka saya a karar Maigatari ko Illela ko Mai'adua ya yi shekaru yana cin ciyawar wani daji, kuma duk abin da aka karɓa a kansa yana cikin farashin da dillali ya yanka mana. Mu kuma mu ɗora wa mahauci a Legas.

Iyayenmu sun san jangali. Turawan mulki sun tarar da shi, suka ci gaba da karɓarsa bisa kowane kan saniya, kuɗin yana shiga baitulmalin En'e. Makiyayi ya biya, amma bai ga rijiya ko burtali da sunan kuɗinsa ba, shi ya sa lokacin ƙidaya wasu kan kora garke cikin daji ko su tsallake iyaka. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe dazuzzukan kiwo. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Sai dai yawancin dazuzzukan da aka keɓe ba a tabbatar da su a hukumance ba, gonaki da gidaje suka cinye da yawa. Yau makiyayi yana biya a shinge, yana biyan tara, yana biyan na mashaya, sau da yawa babu rasit.

Don mu ga ko akwai wata hanya, bari mu leƙa Amurka, inda gwamnatin tarayya take da filayen kiwo masu faɗi a jihohin yamma. Tun dokar Taylor ta 1934 ba a kiwo a cikinsu sai da lasisi. Ma'auninsu shi ne abin da saniya da ɗanta, ko doki ɗaya, ko tumaki biyar za su ci a wata guda. Dokar 1978 ta kawo ƙa'idar lissafi mai duba abu uku: kuɗin hayar filin kiwo a hannun masu zaman kansu, farashin shanu, da abin da mai kiwo yake kashewa. Kuɗin ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 25 cikin 100 a shekara, kuma tun 1986 ba ya yin ƙasa da dala 1 da santi 35. Rabin abin da aka tara ana mayar da shi kan gyaran filin, kamar ruwa da shinge da shuka ciyawa.

Su ma suna da tasu rigimar. Hayar filin mai zaman kansa ta ninka ta gwamnati fiye da sau goma, kuma hukumar binciken kuɗi ta majalisarsu ta gano cewa a 2004 gwamnati ta kashe kimanin dala miliyan 144 wajen kula da kiwo, ta karɓi miliyan 21 kacal. Masu suka suna cewa tallafi ne a ɓoye. Masu kiwo kuma suna cewa filin gwamnati ya fi nisa da ƙarancin ciyawa, kuma su ke ɗaukar wahalarsa. Shanunsu ba sa tafiyar rani irin ta namu, don haka ba za mu kwaso tsarin gaba ɗaya ba. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne mai kiwo ya san abin da zai biya tun kafin shekara ta kama, ya kuma san inda kuɗin zai tafi.

Tubalin gini muna da shi. A 1998 ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, ta amince da takardar ƙetare iyaka da dabbobi, mai nuna yawan garke, allurar rigakafi, da hanyar da za a bi. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi 'yancin tafiya da dabbarsa. Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Amma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma makiyayin da ke gangarowa daga Tawa ko Damagaram da rani yana buƙatar tabbacin takardarsa za ta yi aiki.

Saboda haka roƙonmu ga hukumomin ƙasashen biyu huɗu ne. Na farko, in za a sa kuɗin kiwo, ya zama ɗaya, a rubuce, da rasit ɗin da kowane shinge zai girmama. Na biyu, a sanar da shi kafin kaka, da naira da sefa, a kuma sassauta shi a shekarar fari, lokacin da shanu suka rame farashi ya faɗi. Na uku, a ware kaso sananne don rijiyoyi, alamomin burtali da allura, ardo-ardo da manoma da mu 'yan kasuwa muna cikin masu sa ido. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na huɗu, gwamnatocin biyu su zauna su sabunta takardar ƙetare iyaka a tsakaninsu.

Mu ma akwai namu aikin. Daga wannan wata, kowane mamba ya riƙa rubuta abin da aka karɓa a kan dabbarsa, a ina, da rasit ko babu, ya miƙa wa sakataren reshensa. Da wannan lissafi za mu shiga ofis, a saurare mu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.