Injin yankan ƙarfe ba ya sanin mai shi

Tunda injin nan na mu duka ne, ina so mu yi magana kafin kowa ya taɓa shi.

Ƙaramin injin, mai faifan milimita 115, yana juyawa kusan sau 11.000 a minti ɗaya. In faifan ya fashe a wannan gudun, gutsurensa fuska yake nufa. Shi ya sa nake roƙon ku, kar wanda ya cire murfin kariya don ya ɗaura babban faifai. Na milimita 230 gudunsa bai wuce wajen 6.600 ba, ƙaramin inji ya fi ƙarfinsa. Ku duba abin da aka rubuta a jikinsa, har ranar lalacewa tana nan a zoben tsakiya. Mai tsagewa kuwa, a yar.

Ƙarfen a matse shi da kyau, ba a danne shi da ƙafa ba. Hannu biyu a kan inji, gilashi a ido. Babbar riga da jelar rawani a ajiye su gefe. Kwalaben fetur a nisanta su, tartsatsi na tafiya nesa.

Sai babbar magana: in aka ɗauke wuta, ku kashe makunnin, ku zare waya. In ba haka ba, wuta na dawowa zai iya tashi shi kaɗai, wataƙila kusa da ƙafar yaron da ya zo koyo.

Yaran nan amana ce iyayensu suka ba mu. Su koma gida da sana'a, da yatsunsu goma.