Makwancin Ɗan Yaye

Yau maganarmu a kan yaye ce, amma ba zancen nono za mu yi ba, zancen makwanci za mu yi.

Tun ran da aka haifi yaro yana jikin uwarsa. Da rana yana goye, da dare yana gefenta, ko motsi ya yi ta ji. In ya kai wajen shekara 2 sai a yaye shi. A nan ƙasarmu, daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu, akan kai shi wurin kakarsa, ko kuwa a mai da shi cikin yayyensa. To, ku lura. Yaron nan ya iya tafiya, ya iya hawa, amma bai san wuta ba, bai san rijiya ba. Ga shi kuma kunnen da ya saba jin motsinsa ba ya kusa.

Mu fara da gado. Gadon ƙarfe irin na amare, wanda akan jibga wa katifa biyu ko uku, ado ne ga ɗaki, amma ba wurin kwanan ɗan yaye ba ne. Yaro ba ya kwana inda aka ajiye shi, juyi yake yi har gari ya waye. In ya faɗo, kansa ne ke fara isa ƙasa, don kan ƙaramin yaro yana da nauyi. Abin da ya fi, a shimfiɗa masa katifa a ƙasa bisa tabarma. In kuwa lalle sai a gado, a tura gadon ya manne da bango, kada a bar tsakanin da zai zurma ya kasa numfashi. Babba ya kwanta ta bakin gado, yaro ta wajen bango.

Kwanan ƙasa ma yana da nasa sharaɗi. A share ɗaki, a kakkaɓe shimfiɗa kowane dare saboda kunama, tun ba da bazara ba. Akwai kuma wani abu wanda mu mutanen Zamfara ba za mu manta da shi ba. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida ana daka shi, ana niƙawa. Ƙurarsa ta bi ɗakuna, yara suna rarrafe suna kai hannu baka. Dalma ba ta da wari, ba a kuwa ganinta cikin ƙura. Saboda haka mai zuwa haƙar zinariya kada ya shigo da dutsen gida, ya yi wanka, ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Sai wuta. Da hunturu mukan shiga da kaskon wuta ɗaki, mu rufe ƙofa da taga. Haɗari biyu ke nan. Na ɗaya, yaro ya farka cikin duhu yana neman uwarsa, ya faɗa kasko. Na biyu ya fi wannan muni: garwashin gawayi yana fid da wata iska marar launi, marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci. A ɗuma ɗaki tun da wuri, sa'an nan a fid da kaskon waje kafin a kwanta. Kyandir da aci-balbal kuma, tocila ta fi su.

Da yana gadon uwarsa, yana cikin gidan sauronta. Da aka ɗauke shi, wa ya tuna masa da nasa? Sau da yawa babu. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ɗaura masa gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, in ya yage a ɗinke. Da damina ma'aikatan lafiya sukan bi gida gida, wata wata, da maganin rigakafin zazzaɓi na yara daga wata 3 zuwa shekara 5. In yaro yana gidan kaka, a gaya musu inda yake, kada ya faɗa tsakani.

Kafin ku kwanta, ku durƙusa daidai tsawon yaron ku dubi ɗakin. Kananzir a kwalbar lemo, fiya-fiya, ƙwayoyin maganin tsohuwa, duk a ɗora inda hannunsa ba ya kai. A sa wa ƙofa sakata daga sama. A yi wa rijiya murfi mai nauyi, a kife bokiti.

In ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko toka. In ya faɗo ya bugu a ka, a lura da shi kwana ɗaya cur. In ya yi ta amai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko jini ya fito ta kunne, kada a jira gari ya waye, kada a ce iska ce. A kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Tsafe, ko na Bunguɗu, ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, a kuma gaya wa likita lokacin da ya faɗi da tsawon gadon.